A Bar Shi Ya Kwana

Ƙwan lantarki na huɗu ya yi fau, hayaƙi ya turnuƙe zauren. Mainassara ya yar da wayar da ke hannunsa, ya leƙa ta kafar ƙofa ko wani ya ji. Ba kowa sai akuyar maƙwabta. Saura kwana uku jarrabawa, shi kuwa tun hantsi yake fama da fitila ɗaya da makunni biyu.

Abin dariya ne a ce Mainassara na tsoron jarrabawar aikin kuran, wato lantarki. Shekara goma sha biyu ke nan, duk wanda akwatin solarsa ya mutu a Dakoro, ko ordinatar, wato kwamfuta, ta ƙi tashi, zaurensa yake nufa. Har daga Korahane da Roumbou a kan amalanke ake kawo masa aiki. Tsarinsa kuma kowa ya san shi: ba ya buɗe kaya a gaban mai shi. Zai juya abu, ya sansana, ya kara a kunne, ya ce, "A bar shi ya kwana." Sai ya ɗauka ya shige cikin gida, inda baƙon namiji ba ya takawa. Washegari ka tarar da kayanka garau. Wasu su ce asiri ne, wasu su ce rowar sana'a ce. Sau ɗaya tak aka ga zauren a rufe, shekarar da ciwon ido ya kwantar da shi kwana arba'in cur, ga matarsa ta tafi wankan jego Maradi, ba mai ko ɗiga masa magani.

To, bana ofishin magajin gari ya ce za a sa wa rijiyoyin makiyaya famfon sola, kuma ba mai taɓa su sai mai takardar lasisi. Masu jarrabawa za su zo ranar Asabar. Da safe rubutu, da rana a ajiye maka matacciyar na'ura, mutum uku su zuba maka ido har ka tashe ta. In takardar ba ta shigo gidan Mainassara ba, aikin ya tafi hannun baƙi, sauran ayyukan gari kuma su bi bayansa, zauren ya koma wurin ɗaure tumaki.

Zama ya gagare shi. Ya fita kasuwa, ya dawo, ya sake fita. A bakin masallaci ya yi kiciɓis da abokinsa Elhaji Yakubu, dillalin shanu, mutumin da ko raɗa ya yi sai an ji a tasha.

"Injiniya! Kai za ka jarraba su ko su za su jarraba ka? Wallahi ran Asabar da mu za a tahi, rago na nan ɗaure."

Mainassara ya yi yaƙe. Takardar rajistar jarrabawar ma tana aljihunsa mako biyu, ta yi laushi don gumi, bai rubuta ko harafi ba. Gobe Alhamis kuma ake rufewa.

A tsakar gida ya iske matarsa Hadizatu tana tsintar wake, littafin jarrabawa a rufe kan cinyarta. Ita ke yi masa tambayoyi, don ta yi lakwal, wato boko, ta fi shi jin Faransanci.

"Batir biyu, kowane bolt goma sha biyu, ana son ashirin da huɗu. Ƙaƙa za ka jona?"

"Ja da ja, baƙi da baƙi."

"Ja da baƙi, maigida," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Jiya ma na hwaɗa maka."

Ya zauna, ya miƙe, ya sha ruwa, ya sake zama. Ya dubi babban yatsanta da ya ƙone tun makon jiya, ya tambaya ko man da ya sayo ya yi amfani. Ta ce ya yi. Sannan a hankali ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya so ya yi fushi, sai ya ji kunya ce ta fi yawa.

Ran Alhamis ya zaga ofishin rajista sau uku bai shiga ba. Ya koma gida, ya buɗe akwatin takardu, ya daɗe durƙushe a kansa. Ana kiran la'asar ya miƙa ambulan a ofishin rajista, ya fito yana share goshi. Ran Juma'a bai taɓa wayar lantarki ba, bai buɗe littafi ba. Abinci ma da ƙyar ya ci loma biyu.

Asabar da sassafe Elhaji Yakubu ya cika alkawari, ya zo da rabin 'yan kasuwar dabbobi. Mainassara na gaba da akwatin kayan aiki, Hadizatu na can baya cikin hijabi, mutane na tsokana wai injiniya ko jarrabawa sai da mai kawo fura. A ƙofar makarantar koyon sana'a wani mushe, wato malamin boko, mai tabarau ya fara kiran sunaye. Ya kira goma, ya kira ashirin, ba Mainassara. Elhaji Yakubu ya fara naɗe hannun riga.

"Sun manta da kai! Bari in tahi in ji mi ya hwaru."

"Ba su manta ba, Elhaji."

Mushe ya kira suna na ƙarshe: Hadizatu. Mainassara ya juya, ya miƙa mata akwatin. Ta karɓa, ta ratsa maza ta shige. Shi kuma ya fuskanci mutanen da suka shekara goma sha biyu suna ce masa injiniya.

"Ku yi mata addu'a," ya ce. "Duk kayan da kunka taɓa kawo min ita ta gyara su, ni ɗauka kawai na iya."