Kunnen Seu Anacleto

Ranar da aka kawo sabon injin motar tseren babu wanda ya tafa. An sauke shi a akwati da hatimin hukumar tsere a jiki, makanikai suka zagaye shi da kofi a hannu, suna kallonsa kamar an kawo musu gawar baƙo.

Dokar bana ce ta zo da shi. An soke manyan injunan nan masu ruri, waɗanda ke sa haƙarƙarin mutum rawa tun daga ƙofar shiga filin tsere na Interlagos. Yanzu fiye da rabin ƙarfin mota daga batir yake fitowa, injin kuma ɗan mitsitsi, kukansa bai wuce na keken ɗinki ba.

Jurema, direbar ƙungiyar, ba ta ji haushi ba, ba ta kuma ji daɗi ba. Tun da aka sanar da dokar komai ya daina taɓa ta. Ta ci abinci, ta yi atisaye, ta sa hannu inda aka nuna mata. Abu ɗaya ne ya rage mata a rai, shi ne tsohon makanikinta, Seu Anacleto.

Shekara goma sha ɗaya tana tuƙi, ba ta taɓa fita fili ba sai ya saurari injinta. Yana da wata doguwar sandar ƙarfe. Sai ya kafa bakinta a jikin injin, ya cije ɗaya bakin da turamen haƙoransa, ya rufe ido. In ya buga hular kwanonta sau biyu, ta tafi. In ya girgiza kai, ko kwamfuta ta rantse da lafiya, sai an sauke injin. Sau uku yana girgiza kai, sau ukun aka buɗe aka tarar da tsagewar da za ta iya halaka ta a kan kwana. Duk filin Kunne ake kiransa.

Halinsa kuwa sai haƙuri. Ba ya riƙe waya, matarsa ke amsawa. Abin toshe kunne da kowa ke sawa, shi dariya yake masa. Ka yi masa magana ta baya, ko waiwayowa ba zai yi ba. “Mai son magana da ni ya zo gabana ya dube ni,” in ji shi, “ni ba jakin kowa ba ne.” Aka ce girman kai ne, aka ƙyale shi. To, a cikin wancan rurin ma wa ke jin wani? Kowa da hannu yake magana.

Ranar Talata manajan ƙungiyar, Dorival, ya kira Jurema ofis.

“Ki bar zancen Anacleton nan haka. Doka ta hana ƙarfe taɓa inji yana aiki, wutar da ke ciki soya mutum za ta yi. In babu sandar, me zai yi mana? Juma'a zai ajiye aiki.”

“Haba Dorival, sanda ce ke ji ko kunnensa? Ka gwada shi tukuna.”

“Sau ɗaya, kuma don ke.”

Ta same shi zaune a kan taya yana cin shinkafa da baƙin wake. Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa yadda aka yi. Ya zuba wa bakinta ido har ta gama, sannan ya ajiye cokali.

“Kin tsoma ni, 'yata.”

“Kai ɗin? Minti biyu ma ya yi maka yawa.”

Ya yi ɗan murmushi ya rufe kwanon, abincin ko rabi bai ci ba. Ita ta ɗauka tsufa ne ya rage masa ci.

Da safiyar Alhamis aka taru a ɗakin gwaji. Sabon tsari ne shi ma: injin yana can bayan gilashi mai kauri, a rufe ruf cikin murfinsa, a kan wasu robobi masu shanye girgiza. Daben da a da ke motsi a tafin ƙafa ya tsaya cak. Ƙarar ta lasifika take fitowa. A bakin ƙofa aka karɓi sandar Anacleto aka miƙa wa Jurema ta riƙe.

Aka tayar da injin. Tsohon ya matsa ya ɗora tafinsa a jikin gilashin, ya ɗauke, ya sake ɗorawa a wani wurin. Ya ba su baya, ya karkata kai, ya rufe ido yadda ya saba. Jurema tana juya sandar a hannunta, babban yatsanta na bin ramukan da haƙoransa suka yi wa ƙarfen.

Can sai wata jar fitila ta kama a gaban injiniyar da ke kula da kwamfuta, ta yi maza ta danna maɓalli. Makanikai suka dubi juna, sannan suka dubi tsohon. Yana nan a tsaye yana gyaɗa kai a hankali.

“Seu Anacleto,” in ji Jurema.

Bai motsa ba.

Ta sake kira, ta kuma kira da ƙarfi har muryarta ta dawo mata daga bango. Dorival ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta ji tsoro ba, ba ta ji kuka ba, sai sanyin ƙarfen da ke hannunta.

Daga bisani tsohon ya buɗe ido, ya juyo, ya kai hannu ya buga kanta sau biyu, ko da yake babu hula.

“Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Ji yadda yake tafiya sumul.”

An fi minti uku da kashe injin, kuma mutumin da duk filin ke kira Kunne kurma ne tun kafin Jurema ta fara tuƙi. Da haƙoransa ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsare mata rai.