Jimrau Ya Shanye Takardar Ingilishi

Jimrau ya dawo Mai Yara daga fataucin Lakwaja da tsagaggun dugadugai da wata takarda guda a naɗe cikin hularsa. Shekara biyu ke nan da annobar shanu ta share garkunan ƙasar Dakoro, maza duk sun koma bin ayari da kanwa da fatu.

Kalmomi sittin ne a takardar, na Ingilishi, harshen Nasaran da suka kafa kantuna a bakin Kwara. Wani tafinta Banufe ne ya yi ta faɗa masa yana rubutawa da ajami, kowace da ma'anarta a gefe. Da za su rabu Banufen ya ce, "Kullum ka faɗe su da baki, ka riƙa haɗa su biyu-biyu, uku-uku. Wadda ta shige maka duhu, in ka dawo ka tambaye ni."

Madugun ayarinsu na jin labari ya ce baɗi Jimrau ne bakin ayari, shi zai yi magana da Nasara. Mahaifiyarsu ma, wadda ta daɗe tana hana ƙaninsa Arzika tafiya kudu, ta sauko. Ta ce wa Arzika, "Tunda wanka na jin maganassu, ku tahi tare. Ga amanatai nan, Jimrau."

Gaskiya da fari ya yi ƙoƙari. Yana noma yana kiran sunan ruwa, da gishiri, da jaki. Amma abin ya ƙi zama. A harshen nan, akuya in ta zama biyu sai a ƙara wa sunanta ɗan tsaki a ƙarshe, mutum kuwa in ya zama biyu ba tsakin, sunan ne ke juyewa. Tafiyar yau kalmarta daban, ta jiya daban. Ya kama wannan, waccan ta kuɓuce. Mata a bakin rijiya suka fara cewa iskokin kudu ya kwaso. Jimrau kuwa ya fi tsoron dariya a kan harbin kunama. Ya koma faɗa ƙasa-ƙasa, daga nan ya bari gaba ɗaya.

Ya kai kukansa wurin abokinsa Kalla, mutumin da bai taɓa rasa shawara ba, bai kuma taɓa wuce garin Ɗan Gulbi da ke kusa da su ba.

Kalla ya ce, "Kai dai wahala kaka ba kanka. In karatu ya ƙi zama kan mutum, ba wanke allo aka yi a ba shi shi sha ba? Wanke wagga ka shanye, ta zamna ma cikin jini."

"In ta wanke hwa, mi za ni duba?"

"Wanda ya ci tuwo shina komawa nemanai cikin akushi?"

Jimrau ya sa takardar a ƙoƙo, ya zuba ruwa, ya dama har kalmomi da ma'anoninsu suka zama baƙin ruwa ɗaya, ya kafa kai. Da cikinsa ya yi ƙugi ya ce ta fara aiki.

Kafin kaka, tara suka rage masa cikin sittin, su ma bai tabbata wacce ce gishiri wacce ce jaki ba. Amma gari ya riga ya ɗauka cewa Jimrau ya sha Ingilishi. Da wane baki zai ce babu?

Da suka isa Lakwaja ya nemi Banufen, aka ce ya bar garin. A bakin ruwa suka tarar da wani Bature a ƙarƙashin rumfa da babban littafi a gabansa. Madugu ya tura Jimrau gaba ya tambayo ko yana sayen fatu.

Jimrau ya yi gaisuwa, ita kam bai manta ba. Bature ya ji daɗi, ya saki magana. Ya nuna jirgi, ya nuna gangaren kogi, ya ɗaga yatsu uku, ya nuna Arzika da wasu ƙarfafa huɗu. Ko kalma ɗaya Jimrau bai tsinta ba. Ga ayari duka sun zuba masa ido. Bature ya tsaya yana jira. Jimrau ya ce, "Yas." Aka sake tambayarsa, ya sake cewa, "Yas."

Arzika ya ce, "Mi ya ce, Yaya?"

"Ya ce... shina son majiya ƙarhi su raka kaya cikin jirgi. Kwana ukku ku komo."

Su biyar suka dangwala yatsa a littafi, suka shiga jirgi suna dariya.

Kwana uku suka wuce, suka zama goma. Sai wani mai kwalekwale mai jin Ingilishi, da aka yi abin a gabansa, ya ce wa Jimrau, "Ai 'yan dako aka ɗauka zuwa bakin teku, shekara uku. Har sau biyu ya tambaye ka ko sun gane, ka ce e. Ni na zaci kun san abin da kuke yi."

Ranar da ayari ya shigo Mai Yara, tsohuwarsu na tsaye a ƙofar gida tana leƙen bayan Jimrau. Ta ce, "Ina ƙanenka?" Ya buɗe baki, Hausar ma ta ƙi fita.

Bayan shekara huɗu mutum biyu suka dawo cikin biyar. Suka ce zazzaɓi ya kayar da Arzika a hanya da kaya a kansa, a can suka binne shi. Tsohuwa ba ta zagi Jimrau ba. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin hatsin gonarsa ba.

Jama'a, harshe da baki ake koyonsa: ka faɗa, ka yi kuskure, a yi maka dariya, a gyara maka. In kuma ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, domin kunyar da kake gudu ba ta kai ran wanda ya dogara da kai ba.