Shari'ar Gidan Mai Gyaran Keke

Tun da mutumin nan mai sabuwar riga ya gama rantsuwa ya buɗe baki, Dattijo, da ke zaune cikin jama'a a kotun, ya fara tsaki a ransa.

Shari'ar gida ake yi. Wani attajiri, irin masu sayen tsofaffin gidaje su rushe su jera shaguna, ya ce marigayi mai gyaran keke ya sayar masa da gidansa wata biyu kafin ya rasu, ga takarda har da sa hannu. Matar marigayin ta ce ba a yi haka ba. In kotu ta gaskata takardar, ita da 'ya'yanta huɗu sai titi. Mai sabuwar riga kuwa shi ne shaidan attajirin, wai a gabansa aka ƙulla cinikin.

Lauyar matar ta tambaye shi, "Ƙofar gidan ina ta kalla?"

"Gabas."

"Ɗazu ka ce yamma."

"To, kusan tsakani take."

Kotu ta kwashe da dariya, har magatakarda ya sunkuyar da kai. Dattijo bai yi dariya ba. Ya yamutsa fuska kamar wanda ya taka ƙazanta ba takalmi. A ce ƙato da gemunsa ya tsaya gaban alƙali yana zuba irin wannan shirme, ko kunyar furfurar da ke zaune bai ji ba. Lallai zamani ya lalace.

Alƙali ya ba da hutun rabin awa. Dattijo ya fita baranda, masinja ya gaishe shi da hannu biyu, ya nufi bencin nan mai karyayyar ƙafa ya zauna ta gefen da ba ya rawa. Matar marigayin tana ɗaya gefen, ta rungume ledar takardunta kamar jariri.

Ya ce, "Sannu, 'yata. Kin ga abin da duniya ta koma? Mutum ko ƙofar gida bai sani ba, wai shi shaida."

"Wallahi Baba, ƙafarsa ba ta taɓa taka gidanmu ba."

"Ai da gani. Ni ma na taɓa sanin wani mai gyaran keke, mutumin kirki. Ba mai ɗan ɗingishi ba ne?"

"A'a Baba, nawa ƙafarsa lafiya lau. Ɗan yatsansa na hagu ne sarƙar keke ta gutsure."

Daga nan bakinta ya buɗe. Wata takwas tana zarya kotu, kowa tsawon fili da faɗinsa yake tambayarta, ba wanda ya taɓa tambayarta mijin. Ta ce ƙofarsu arewa ta kalla, shi ya sa rana ba ta damunsu. Ta ba shi labarin rijiyar bayan madafa, wadda marigayi ya yi wa baki da tsohuwar taya don kada yara su zame. Ta ce ba ya karɓar baƙo a ɗaki, sai ƙarƙashin bishiyar lemo, ya kifa masa bokiti ya zauna, shi kuma yana tsugune yana liƙin tayarsa. Da ciwon ya ci ƙarfinsa muryarsa ta dushe, sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji.

"Bokitin na ƙarfe ne?"

"Na roba, shuɗi. Har yanzu yana nan."

Ta goge ido da bakin mayafi. Dattijo yana gyaɗa kai, leɓɓansa na motsi a hankali. Ta ɗauka addu'a yake yi, ta ce amin, ta yi masa godiya, ta ce Allah ya bar mana irinsu.

Aka koma ciki. Attajirin sai goge gumi yake yi, yana hararar mai sabuwar riga kamar ya shaƙe shi. Matar ta zauna da ɗan ƙarfin gwiwa, har ta waiwayo ta yi wa Dattijo murmushi.

Lauyan attajirin ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, muna da shaida na biyu, aminin marigayi na shekara talatin, wanda aka yi cinikin a kan idonsa."

Dattijo ya gyara zaman hularsa ya tashi a natse, domin shekara ashirin ke nan yana cin abinci da wannan sana'a, kuma bai taɓa shiga akwatin shaida bai san gidan da zai yi rantsuwa a kansa ba, ba kamar waɗannan 'yan yanzu masu zubar wa aiki mutunci ba.