Sandar da Mahama Ya Kawo daga Sokodé

Mahama falken shanu ne a Dapaong, zamanin da Faransawa ke riƙe da Togo. Wata tafiya da ya kai shanu Sokodé, ya ga wani Nasara a bayan gari yana dukan ƙaramin farin ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, wasan da suke kira golf. Abin ya burge shi. Kukun Nasaran abokinsa ne, sai ya ba shi wata lanƙwasasshiyar sanda da aka yar.

Da ya koma gida, ya tara abokai a ƙofar gida bayan la'asar don su ga gwaninta. Ya ajiye ƙwallon goruba a ƙasa, ya ɗaga sanda ya maka masa. Ƙwallon ya tsallake zana, sai aka ji "Wayyo!"

Surukarsa ce, Hajjo, da ta zo ganin jika. Ya tarar da ita zaune, dafe da gefen kai. Babu jini, sai ɗan kumburi. Matarsa Rabi'atu kuwa tana rijiya.

"Sannu, Iya," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Ba komai," ta ce, ta ja mayafi ta rufe wurin don kada ta kunyata shi.

Washegari Rabi'atu ta same shi. "Maigida, Iya sai amai take, sai barci. Ɗazu ma da sunan ƙanwarta ta kira ni."

Mahama ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna abin da mutanen Zongo, unguwarsu, za su ce: magidanci da furfurarsa ya fasa kan surukarsa garin wasa.

"Zazzaɓi ne," ya ce. "Dafa mata magani."

A kwana na uku Hajjo ta daina magana. Da suka kai ta asibiti, wani ma'aikacin lafiya ya zame mayafin ya shafa kumburin.

"Me ya buge ta? Yaushe?"

A nan, a gaban matarsa, Mahama ya faɗi gaskiya.

"Jini ne ya taru a cikin kai," in ji ma'aikacin. "Sai babban likita a Sokodé. Ai tun ranar ya kamata ku zo."

Aka sa ta a mota. Ba su wuce garin Bombouaka da ke kusa da Dapaong ba ta cika.

Rabi'atu ba ta yi masa ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Ina ɗura mata maganin zazzaɓi kana kallona." Har ya tsufa bai ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Jama'a, bugun kai ba sai an ga jini ba. In amai, yawan barci ko ruɗewa suka biyo baya, a garzaya asibiti, a kuma faɗi abin da ya faru. Kada kunya ta sa mu ɓoye abin da zai ceci rai.