Kaka Mai Filafili

Batirin kyamara saura layi ɗaya, tsohuwa kuwa ta ƙi yin kisa.

Ma'u na cikin kogi har wuya, ya ƙanƙame gefen kwalekwale da hannu biyu. Shi ya rubuta wasan, shi ne jikan da za a kashe, kuma ko iyo bai iya ba. Can bakin gaɓa Irmiya, malamin makaranta mai ɗaukar bidiyon biki, sai nuna masa agogo yake. Gobe zai kwashe iyalinsa da kyamararsa zuwa Dutse, an yi masa canjin aiki. In yau ba a gama ba, wahalar wata uku ta bi ruwa.

Abin haushin, tsohuwar ta iya. 'Yar'azumi ke nan, wadda ta haifi uwarsa. A fim ɗin ta riga ta kashe dangi shida da taɓarya da murfin tukunya, ana watsa zoɓo a matsayin jini, tana tauna goro tana ƙyaƙyata dariya. Unguwa duk ta ƙagu ta gani.

Kwalekwale ne kawai ta so ta ƙi. Shekara ashirin ba ta hau ruwa ba, tun ranar da uban Ma'u ya ɗauko ta zuwa kasuwar Auyo ya faɗa kogi. Masu wankan gawarsa suka ce igiyar taru ce ta kakkarya masa yatsu. Uwar Ma'u ko kuka ba ta iya yi ba ranar, bakinta a kumbure, wai ƙofa ce ta sake buge ta.

Yanzu ga ta zaune a kansa da filafilin tuƙi, sai dungure masa kai take kamar mai korar ƙuda.

"Kaka, don Allah ki buga mini a ka, in saki in nitse. Shi ke nan fa."

"Angona, ƙarya kake so in yi wa mutane?"

"Fim ai duk ƙarya ne."

"To wannan ba ta yi kyau ba. Wanda aka buga wa a ka ƙara riƙewa yake."

Ruwa ya ja ƙafafunsa. Yashin da yake takawa ɗazu babu shi, kwalekwalen ya zame zuwa zurfi. Ya buɗe baki zai kira Irmiya, ruwa ya shiga. Irmiya ya ɗaga masa babban yatsa, wai ya iya wasa.

Tsohuwa ta tofar da goron. Ta gyara zama, ta juya filafili ta gefen kaifi. Jar fitilar kyamara na ci. Ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Yatsu ake bi, ɗaya bayan ɗaya. Ubanka ma sai da na kai na takwas ya saki."