Farar Motar Tsallaken Titi

"Wacce ta fi jawo abu kusa?" tsohuwar ta tambayi mai shago.

Ya jera mata ƙananan kyamarori biyu. "Wannan ta fi araha, Mama. Wannan kuwa, ko ƙuda ya sauka a tsallaken titi sai kin ƙirga ƙafafunsa."

"Idona ya gaji, ɗan nan. Gwada mini a kan farar motar can."

Ya yi dariya, ya saita, ya danna. Hoto ya fito tas: lambar motar, lotsewa a gefen fitila, da koren fenti a cikin lotsewar.

"Motar wa ce?"

"Tawa ce. Na ɗan gogi gini ne da ita."

Ta daɗe tana kallon koren nan. Da hannunta ta shafa shi a keken mijinta, kafin a tsinci gawarsa a bakin titi. 'Yan sanda sun ce mata idan babu shaida, babu magana.

"Wannan nake so," ta ce.

"To, bari in goge hoton."

Ta damƙe wuyan hannunsa tana murmushi.

"Bar shi, ɗan nan. Ai shi na zo saye."