Sunan Kakansa

Naushi na biyu ne ya karya hancin Zhivorad. Jini ya fantsama a kan tawul ɗin baftisma, firist ya ja da baya rungume da jariri.

"Radisav?" Vukashin ya shaƙe Zhivorad, ya buga kansa da ginshiƙin coci. "Ɗana na fari ka raɗa wa sunan tsohon maƙeri? Ka bugu ne, kum?"

Kum, uban baftisma, shi ke raɗa suna, in ya furta kuwa ta zauna. Amma kowa a garin Obradovats ya san ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci. Ga tsoho Obrad can a sahun gaba, ya ci ado, tun safe yake karɓar barka.

"Garin nan ma sunanmu ya ci! Ka tozarta ubana Obrad!" in ji Vukashin.

Zhivorad ya tofar da haƙori.

"Ba na ƙarya a gaban Allah, Vukashin. Al'ada ta ce sunan kakansa, shi na raɗa."

Vukashin ya waiwaya. Mahaifiyarsa ta duƙufa tana gyara wani kyandir da ke ci lafiya lau.